Kafin Ƙungiyarku Ta Sayi Caja Ko Adafta: Abin Da Na Koyo A Ƙofar Doka



A bazarar da ta wuce wata ƙungiyar mata da nake zagayawa, a wani ƙauye kudu da Zariya, ta yi hasarar ƙwai cike da injin ƙyanƙyasa, kuma da hannuna a cikin wannan hasara. Matan nan sun yi wata da watanni suna zuba adashi har suka sayi ƙaramin inji mai ɗaukar ƙwai 64. Ɓera ya cinye wayar adaftar da ta zo tare da injin, sai suka ba ni kuɗi in sayo musu wata in na shiga gari. Na tarar da iri biyu a shago, rubutun jikinsu ɗaya ne, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau 3. Na ce a raina, ai kuɗin matan nan da gumi aka tara shi, bari in rage musu. Na ɗauki mai arahar.

Ƙwan kaza yana bukatar kwana 21 cikin ɗumi na wajen digiri 37 da rabi, ba hawa ba sauka. A daren kwana na 16 wuta ta yi ƙasa tun magariba, can tsakar dare aka ɗauke ta, sa'an nan ta dawo da ƙarfi. Adaftar ta ƙone, ba ta kuwa tafi ita kaɗai ba, ta haɗa da allon da ke sarrafa ɗumin injin. Ko da suka jona batirin mota da safe, injin bai motsa ba. Kwana 2 aka yi kafin a gyara shi, ƙwai kuwa sun riga sun huce. Da na je, uwar ƙungiyar ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, ai araha ba ta ado. Sai ka je ka koyo mana abin da ya faru, don kada a sake."

Na ɗauki ƙonanniyar adaftar na shiga mota zuwa Zariya, na sauka a Ƙofar Doka, inda hanyar cikin birni ke fitowa zuwa Tudun Wada. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da ke da rumfa a wajen. A gindin teburinsa na wuni. Abin da ya nuna mini, da abin da na ƙara bincikawa daga baya, shi nake so in shimfiɗa muku, gama yau da wuya a sami ƙungiyar da ba ta da wayar hannu, ko fitilar caji, ko sikelin lantarki, ko farantin sola.

AIKIN WANNAN ƊAN AKWATI

Sai mu fara da kalmomi uku da za ku gani a jikin kowane kayan wuta. Ku ɗauki misalin ban ruwa a fadama. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin da ke tura ruwa cikin tiyo. Amfiya, harafin A, ita ce yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyon. Wat kuwa, harafin W, shi ne aikin da su biyun ke yi tare, ana samunsa in an ninka bolt da amfiya.

Wutar layi a Nijeriya an tsara ta ne a kan bolt 230, tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Amma wayar hannu bolt 5 take so, injin ƙyanƙyasa irin na matan nan bolt 12, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa galibi wajen bolt 19, kuma dukansu suna son wuta mai tafiya hanya ɗaya, kamar ta batir. Caja ko adafta ita ce ke sauko da bolt 230 ɗin nan zuwa abin da na'ura za ta iya sha.

Tana da aiki na biyu, wanda shi ne ba mu cika tunawa da shi ba. Ita ce katanga tsakanin babbar wuta da na'urarku, har da hannunku. A zamanin da ganuwar Zazzau ke tsaye cik, duk mai shiga birni sai ya bi ta ƙofa, ko Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Kuyambana, mai tsaron ƙofa kuwa shi ke duba wanda zai wuce. Haka adafta take. In ta ƙwarai ce, ko mugunyar wuta ta zo, ita za ta mutu ta bar na'ura da rai. In ta banza ce, sai ta buɗe hanya wutar ta wuce ciki.

IRIN WUTAR DA MUKE FAMA DA ITA

An buɗe madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. A 2005 aka canja ta zuwa PHCN, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara suka faɗa hannun Kaduna Electric, ko da yake har yau bakin mutane "Nepa" yake cewa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tada janareto ya zama abu mai tsada. A watan Oktoba na 2024 kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Saboda haka mutane da dama suka koma ga sola da inbata. Abin da wannan ya haifar shi ne, caja ɗaya yau tana shan wutar layi da safe, ta janareto da yamma, ta inbata da dare, kowace kuwa da halinta.

Ga abubuwa 5 da ke kashe ƙananan kayan wuta a wurarenmu.

Na ɗaya, ƙarancin wuta. Inda gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ko ƙauye yana can ƙarshen dogon layi, da magariba wuta takan sauka ƙasa da bolt 180, wani lokaci ƙasa da haka ƙwarai. Kada ku ce wuta mara ƙarfi ba ta ɓarna. Domin adafta ta ba da wat ɗin da ake nema a gare ta, in bolt ya ragu tilas ta jawo amfiya da yawa, yawan amfiya kuwa zafi ne.

Na biyu, wuta mai wuce kima. Taransifoma tana fitar da wayoyi 3 masu wuta, waɗanda ma'aikata ke kira fes, da ta huɗu da ake kira nutural. Tsakanin fes ɗaya da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin fes da fes wajen bolt 400 ne. In nutural ta tsinke, ko ta yi tsatsa a mahaɗa, ko ɓarayi suka yanke ta, sai wutar waɗansu gidaje ta haura ta nufi 400, ta waɗansu kuma ta faɗi. Ranar da kuka ji an ce ƙwayayen fitila sun yi haske fiye da kima sa'an nan suka fashe a unguwa guda, yawanci abin da ya faru ke nan.

Na uku, bugun farat ɗaya. Wannan wuta ce mai tsananin ƙarfi da ke zuwa ta wuce kafin ƙiftawar ido. Tana zuwa sa'ad da aka maido da wuta bayan an ɗauke, ko in mai walda ko injin niƙa na kan layinku, ko kuwa in aradu ta faɗi kusa da layi, musamman a hadarin farkon damina da na ƙarshenta.

Na huɗu, ƙaramin janareto. In mai ya kusa ƙarewa za ku ji injin yana hawa yana sauka, to haka wutarsa ke yi. In kuma aka kashe wani babban abu da ke kansa, kamar dutsen guga, sai wutar ta yi tsalle ta afka wa ƙananan kayan da suka rage.

Na biyar, zafi da ƙura. A cikin kowace adafta akwai wani ɗan gwangwani da masu gyara ke kira kwandensa, mai ɗan ruwa-ruwa a ciki, zafi kuwa yana busar da shi a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanakinsa biyu. Ku tuna da zafin watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Sa'an nan ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin shan iska, in raɓar damina ta same ta sai ta zama hanyar wuta. Kyankyaso da tururuwa da tsaka ma sukan shiga neman ɗumi, su haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

ABIN DA DATTIJON YA NUNA MINI

Na gaishe shi, na ce, "Baba, ga abin da ya cuce mu." Ya jinjina ta a hannu, ya yi murmushi, ya sa sukundireba ya ɓalle ta. Abin da ya fara faɗowa shi ne ɗan guntun ƙarfe da aka manna da gam a jikin murfi. Ya ce, "Malam, wannan shi ne nauyin da ka saya. Sun ji ana cewa mai nauyi ita ce mai kyau, sai suka ba ku nauyi."

Sa'an nan ya jawo wata adafta ta ƙwarai daga cikin kwandonsa, ya ajiye su gefe da gefe. A jikin allon ta ƙwarai akwai wani fili da aka bari fayau, babu dalma babu waya, ya raba allon gida biyu, gefen babbar wuta da gefen ƙaramar wuta, har an tsaga allon a wani wuri don kada wuta ta tsallaka. A tawa kuwa hanyoyin biyu sun matsi juna, da ƙyar tsinin allura zai shiga tsakani. Nan wutar ta tsallaka ta kashe injin matan.

Ya nuna mini inda ya kamata fis ya zauna, ga zanensa a jikin allo, amma waya ce kawai aka ɗinke wurin da ita. Ya nuna mini wani ɗan faifai shuɗi mai kamar kwabo a cikin ta ƙwarai, wanda aikinsa shi ne shanye bugun farat ɗaya. A tawa ramukansa biyu ne kawai, babu kowa. Kwandensar ta ƙwarai an rubuta mata 105, watau tana jure zafi har digiri 105, tawa kuwa 85, ga ta 'yar ƙarama, kanta ya kumbura. Da ya fere wayar, silin jan ƙarfen da ke ciki bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ya ce, "An rubuta amfiya 5, amma in ta ba da 2 ta yi ƙoƙari."

Wannan cuta ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A 2016 wani kamfanin gwajin kayan wuta na Amurka mai suna UL ya gwada jabun caja 400 da aka yi wa tambarin Apple, waɗanda aka sayo daga ƙasashe 8. Guda 3 ne kacal aka samu da isasshiyar katanga tsakanin babbar wuta da hannun mai amfani.

Amma fa ku kiyaye. Kada kowa ya ce zai buɗe adafta a gida don ya duba. Babbar kwandensar da ke ciki tana riƙe wuta fiye da bolt 300 ko bayan an zare ta daga soket. Wannan aikin mai gyara ne.

YADDA ZA KU ZAƁA

Tun da ba za ku buɗe ta a shago ba, ga abin da za ku iya yi.

1. Ku fara karanta jikin na'urar tun a gida. Ku rubuta bolt nawa take so, da amfiya nawa. Bolt ɗin adafta tilas ya zama daidai da na na'ura, ba ƙari ba ragi. Ku duba kuma ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin wayar shi ne mai alamar tarawa ko mai alamar ɗebewa, gama in aka juya su, na'ura na iya ƙonewa nan take. Abin da ya fi sauƙi shi ne ku tafi da tsohuwar adaftar.

2. Ku bar mata sarari. Injin matan nan bolt 12 ne, amfiya 5, watau wat 60. Adafta mai amfiya 5 cif za ta yi ta aiki iyakar ƙarfinta dare da rana har kwana 21, kamar jakin da aka yi wa lodi iya wuya. Ga abin da zai daɗe a kunne cikin zafi, ku ƙara rabin abin da ake bukata a kai, watau ku nemi mai amfiya 8. Yawan amfiyar adafta ba ya cutar na'ura, gama abin da take bukata kaɗai take ja.

3. Ku duba inda aka rubuta INPUT, watau wutar da take karɓa. Ku zaɓi wadda aka rubuta 100 zuwa 240V. Irin wannan tana ci gaba da aiki ko wuta ta sauka 160. Wadda aka rubuta 220 zuwa 240V kaɗai, ba don layinmu aka yi ta ba. Inda aka rubuta OUTPUT kuwa, nan ne bolt da amfiyar da take bayarwa.

4. Ku nemi sunan kamfanin da ya ƙera ta, da lambar samfurinta, da rubutu mai tsabta wanda ba ya gogewa da yatsa. Kada tambari ya ruɗe ku. Alamar CE, alal misali, mai ƙera kaya ne da kansa ke bugawa don ya ce ya bi ƙa'idar Turai, mai jabu ma yana da injin buga ta. Hukumar SON ita ce ke kula da ingancin kaya a Nijeriya, tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su, amma jabu suna kutsowa duk da haka. Abin da ya fi tambari shi ne ɗan kasuwa mai zaunannen shago wanda zai rubuta muku rasit, ya kuma yarda ya canja in ta lalace cikin watannin da kuka yi alkawari. Wanda ya ƙi rubutawa, ya san abin da yake sayarwa.

5. Ku gwada ta da kaya a kanta. Adaftar banza ma tana nuna bolt 12 a mita in ba a ɗora mata kome ba. Ku jona ainihin na'urar, ku bar ta minti 30, sa'an nan ku auna. Ta bolt 12 kada ta sauka ƙasa da 11 da rabi. Ku ɗora bayan yatsa a jikin robar. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in ba ku iya ƙirga 10 ba don zafi, ko kun ji ƙauri, ko tana tsuwa, ku mayar.

6. Ku duba rigarta. Akwai lamba mai farawa da IP a jikin waɗansu. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP20 ta cikin ɗaki mai tsabta ce. IP65 ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya shiga. Ga ɗakin kaji, da rumfar famfo, da wurin niƙa, ku nemi rufaffiya irin wannan. Masu akwatin ƙarfe mai ramuka suna da ƙarfi, amma sai an sa su cikin wani akwati mai iska wanda yara da ƙwari ba za su kai gare su ba.

7. Ku duba filogi. Soket ɗinmu mai ramuka 3 ne, filoginsa kuwa yana da fis a ciki. Cusa filogi mai ƙafa 2 da tsinke yana sa tartsatsi, tartsatsin nan kuwa yana gajiyar da adafta, yana kuma jawo gobara.

MASU TAIMAKON MAI TSARON ƘOFA

Ko adafta mafi kyau ba za ta tsaya wa bolt 400 ba, saboda haka tana bukatar mataimaka.

Akwai ɗan akwatin da ake sa wa firiji, wanda ke yanke wuta in ta yi ƙasa ƙwarai ko ta haura, sa'an nan in ta dawo ya dakata wajen minti 3 kafin ya sake ta. Wannan dakatawa tana da amfani, gama wutar da aka maido yanzu-yanzu ita ce ba ta da tabbas. Yana da sauƙin kuɗi, ya kamata ya kasance a ofishin kowace ƙungiya.

Sitabilaiza tana ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta sauko da wadda ta ɗan haura, amma tana da iyakar da aka rubuta a jikinta, kuma ba ta da saurin tare aradu. Soket mai tare bugun wuta kuwa yana gajiya da kowane bugu, kuma ba ya cika aikinsa sai gidan yana da wayar ƙasa ta gaske, watau sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai laima. Ku sa mai aikin wuta ya duba muku ita. In hadari ya haɗo kuna jin tsawa, kashe makunni bai isa ba, ku zare filogi daga bango.

Ga janareto kuwa, ku tada shi ku bar shi ya daidaita minti 1 ko 2 kafin ku jona kaya, ku kuma cire kayan kafin ku kashe shi. Kada ku bari mai ya ƙare da kaya a kansa.

Ga abin da bai kamata ya tsaya ba ko na sa'a ɗaya, kamar injin ƙyanƙyasa, hanyar da ta fi ita ce a sa batir a tsakani. Wutar layi ko sola ta riƙa cika batir ta hanyar cajar batir ta ƙwarai, injin kuma ya riƙa sha daga batir. Ga lissafinsa. Batir mai bolt 12 da lamba 100Ah yana riƙe wat 1,200 na sa'a ɗaya. In mai ruwan asid ne, rabi kaɗai ya kamata a sha don ya daɗe, watau 600. In aka raba 600 da wat 60, an sami sa'a 10. Wannan ya isa ya fid da ku dare.

MASU SOLA

Tsakanin farantin sola da batir akwai nasu ɗan akwatin, wanda ake kira kwanturola. Farantin da ake cewa na bolt 12 yakan ba da wajen 18 in yana aiki, ya haura 21 in ba kaya a kansa. Wanda ya jona shi kai tsaye da batir, dafa batirin yake yi. Ku raba wat ɗin faranti da 18 ku sami amfiyarsa. Faranti mai wat 200 yana ba da wajen amfiya 11, saboda haka kwanturola mai amfiya 20 ta dace da shi, mai 10 kuwa za ta ƙone.

In za ku haɗa, batir ake fara jonawa, sa'an nan faranti. In za ku kwance, faranti ake fara cirewa. Ku sa fis a kan jar waya kusa da kan batir, gama batir ba shi da makunni, in wayoyinsa suka haɗu sai gobara. Ku tabbata kuma an saita kwanturola daidai da irin batirinku, na asid ne ko na litiyam, gama cajinsu ba ɗaya ba ne.

Kwanturola iri biyu ce, PWM da MPPT. Ta biyun ta fi tatso wuta daga faranti, ta kuma fi tsada, don haka masu jabu ke buga sunanta a jikin ta farkon. MPPT ta gaske tana da babban naɗin waya a ciki da ƙarfen shan zafi a baya. In kun ga 'yar shafal mai arahar gaske an rubuta mata MPPT, ku yi shakka. Ga ƙananan fitilun sola da na'urorin gida da ake sayarwa a haɗe kuwa, akwai tsarin gwaji na duniya mai suna VeraSol, wanda ke buga jerin waɗanda suka ci gwaji a intanet. Ku sa wani yaro mai waya ya duba muku kafin ku biya.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta kawo waɗannan abubuwa a taronta na gaba.

Ku sayi mitar awon wuta guda ɗaya ta ƙungiya, ku ba wani saurayi ko budurwa mai natsuwa, ku tura shi wurin mai gyara ya koyi karanta ta. Ya riƙa auna wutar ofis safe da magariba har mako 2, sakatare ya rubuta. Da wannan za ku san irin wutar da kuke da ita kafin ku sayi kome.

Ku haɗa sayayya wuri ɗaya. Wanda ya je Sabon Gari neman caja 20 yana da bakin neman ragi da rasit da alkawarin canji, wanda mai sayen guda ɗaya ba shi da shi. Ku fara sayen 1 ku gwada ta wata guda kafin ku ɗauko sauran.

Ku rubuta ranar saye a jikin kowace adafta, ma'aji kuma ya buɗe shafi a littafinsa: iri kaza, daga shago kaza, ta yi wata kaza. Bayan shekara littafin nan zai faɗa muku gaskiyar da ɗan kasuwa ba zai faɗa ba. Ga kowane inji da abincinku ya rataya a kansa, ku ajiye adafta ta biyu da fis a cikin akwati.

Ku gaya wa iyali a gida, kada a yi cajin waya a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada a taɓa caja da jiƙaƙƙen hannu. Cajar da in an taɓa waya ana jin tana ɗan cizo, katangarta ta rushe, a jefar da ita a ranar.

In kuwa ana gardamar kuɗi a taro, ku auna adafta da abin da ke bayanta. Ni na duba kuɗin da ke jikinta kaɗai, na manta da injin, da ƙwai 64, da adashin watanni.

Na koma ƙauyen da adafta mai amfiya 8, da ɗan akwatin yanke wuta, na biya rabin kuɗin daga aljihuna, gama laifina ne. Matan suka ƙara da batir daga asusunsu. Da damina ta kankama suka sake zuba ƙwai, an ɗauke wuta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma injin bai huce ba, ran kwana na 21 kuwa aka aiko mini in zo in ga 'yan tsaki.

Duk ƙungiyar da ke shirin sayen inji ko sola a kakar bana, ta rubuta abin da ke jikin na'urar ta ba malamin gona na yankinta, mu yi lissafin tare kafin kuɗi su fita. Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya kiyaye gidajenmu daga gobara.